Yadda Ake Warware Lissafin Daidaito Mai Ɗauke da Rabi, Sulusi da Rubu'i

Wata 'yar kasuwa ta fita da kuɗi a jaka. Ta kashe sulusin kuɗin wajen sarin gyaɗa, ta kashe rubu'insu wajen sayen manja, da ta dawo gida ta ƙirga abin da ya rage ta samu naira 25,000. Nawa ta fita da su?

Mai karatu, idan aka yi maka wannan tambaya da baki, wataƙila ka ɗan yi shiru ka yi ta gwada lambobi har ka dace da amsar. Amma da zarar an rubuta ta a takardar jarrabawa kamar haka:

x − x/3 − x/4 = 25,000

sai gaban ɗalibai da yawa ya faɗi. Wanda yake warware 5x = 20 cikin ƙiftawar ido, da ya ga lamba a kan lamba sai ya tsallake tambayar. Ga shi kuwa irin wannan lissafi ba ya rabuwa da manhajar sakandare, kuma ko bayan an gama da WAEC da NECO da JAMB yana nan yana jiran mutum a ɗakin gwaje-gwaje, da kantin magani, da wajen rabon gado. Abin da za mu nuna maka a yau shi ne, dabara ɗaya tak ce take mayar da wannan lissafi ya koma irin wanda ka saba da shi, kuma akwai wurare uku da aka fi yin tuntuɓe.

Mu fara daidaita kalmomi

Abin da ɗalibai suke kira ikweshan, a nan za mu kira shi daidaito. Magana ce ta lissafi da take cewa abin da yake hagun alamar = daidai yake da abin da yake damanta. Harafin x kuma shi ne adadin da ba mu sani ba, wanda muke nema. Daidaiton da muke magana a kai shi ne miƙaƙƙe, wato wanda x ɗinsa bai ninka kansa ba, babu x² ko x³ a ciki.

Firakshan kuwa za mu ce masa kaso. Kowane kaso yana da lambar sama da lambar ƙasa. A 3/4, wato uku bisa huɗu, lambar ƙasa tana gaya maka gida nawa aka raba abu, ta sama kuma tana gaya maka gida nawa aka ɗauka. Hausa ta daɗe da sunayen waɗannan: rabi 1/2, sulusi 1/3, rubu'i ko kwata 1/4, humusi 1/5, sudusi 1/6, sumuni 1/8, ushuri 1/10. Don haka x/3 ba wani baƙon abu ba ne, sulusin x ne kawai.

Dokar sikeli

Ka ɗauki daidaito kamar sikelin mai nama, irin mai faranti biyu. Muddin farantan suna tsaye daidai, za ka iya ƙara musu nauyi iri ɗaya, ko ka rage musu iri ɗaya, ko ka ninka abin da yake kan kowanne sau biyu ko sau goma, ba za su karkace ba. Sharaɗin dai shi ne duk abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama, kuma ka yi wa duk abin da yake kan farantin, ba wani sashe ba.

A kan wannan doka dabarar tamu ta tsaya. Tunda an yarda mu ninka ɓangarorin biyu da kowace lamba in dai ba sifili ba ce, sai mu zaɓi lambar da za ta share duk lambobin ƙasa a lokaci guda. Lambar kuwa ita ce mafi ƙanƙanta da kowace lambar ƙasa za ta iya raba ta ba tare da saura ba. A makaranta LCM ake ce mata.

Ga misali mai sauƙi. Manomi ya sayar da rabin masarar da ya noma, ya biya bashin taki da sulusinta, jimillar abin da ya fita daga rumbu buhu 10. Buhu nawa ya noma?

x/2 + x/3 = 10

Lambobin ƙasa su ne 2 da 3. Mafi ƙanƙantar lambar da dukkansu suke shiga ita ce 6. Sai mu ninka kowane yanki da 6:

6 × x/2 + 6 × x/3 = 6 × 10

Shida a raba biyu uku ne, shida a raba uku biyu ne, saboda haka:

3x + 2x = 60
5x = 60
x = 12

Ka ga kaso ya ɓace tun a layi na biyu. Mu duba: rabin 12 shi ne 6, sulusinsa 4, a haɗa 10. Ya yi daidai.

Me ya sa abin ya yi aiki? Ba za ka iya tara rabi da sulusi kai tsaye ba, kamar yadda ba za ka tara mudu uku da tiya biyu ka ce biyar ba, sai ka mayar da su awo ɗaya. Idan ka yanka abu gida shida, rabinsa gida uku ne, sulusinsa gida biyu. Ninkawa da 6 ɗin nan ƙirga gidajen ne kawai.

Tuntuɓe na farko: yankin da aka manta

Mu koma wurin 'yar kasuwarmu.

x − x/3 − x/4 = 25,000

Lambar da 3 da 4 suke shiga ita ce 12. Yankuna huɗu ne a wannan daidaito, kuma duka huɗun za a ninka, har da x ɗin farko da 25,000 waɗanda ba su da lambar ƙasa:

12x − 4x − 3x = 300,000
5x = 300,000
x = 60,000

Da naira 60,000 ta fita. Gyaɗa ta ci 20,000, manja ya ci 15,000, saura 25,000.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ninka hagu a bar dama yadda take, domin ido yana kan kason ne kawai. Wanda ya yi haka zai samu 5x = 25,000, wato x = 5,000. Tsaya ka yi tunani: mace ta fita da 5,000, ta yi sayayya, ta dawo da 25,000? Ko ba ka san inda ka kuskure ba, hankali ya isa ya gaya maka akwai matsala. Wannan shi ne ɗora nauyi a faranti ɗaya a bar ɗayan.

Tuntuɓe na biyu: alamar ɗebewa a gaban kaso

Wannan ya fi na farko ɓoyewa, kuma har masu ƙoƙari yana kayarwa. Duba:

(x + 3)/4 − (x − 2)/6 = 2

Lambar da 4 da 6 suke shiga ita ce 12. Za ka iya amfani da 24, amsa ɗaya za ka samu, sai dai lambobin za su fi girma, wurin kuskure ya ƙaru. Mu ninka da 12, amma ka lura, lambar sama gaba ɗayanta dunƙule ɗaya ce, don haka dole ta zauna cikin baka biyu:

3(x + 3) − 2(x − 2) = 24

Yanzu a buɗe bakan a hankali. Uku sau x, 3x. Uku sau uku, 9. Sai −2 sau x, −2x. Sai −2 sau −2, wanda yake ba da +4, ba −4 ba:

3x + 9 − 2x + 4 = 24
x + 13 = 24
x = 11

Gwaji: 14/4 shi ne 3.5, sannan 9/6 shi ne 1.5, a ɗebe saura 2. Daidai.

Wanda ya yi gaggawa bai sa baka ba zai rubuta 3x + 9 − 2x − 4 = 24, ya ƙare da x = 19. Amsar ta fito fes babu saura, shi ya sa zai ɗauka ya ci. Da zai mayar da 19 cikin tambayar zai ga 22/4 a ɗebe 17/6 ya kai kusan 2.67, ba 2 ba.

Idan kana mamakin yadda ɗebewa biyu suka zama ƙari, ɗauke shi haka: an ce a cire maka x − 2 daga aljihu. Abin da za a cire bai kai x ba, ya gaza da biyu. In an riga an cire x cur, ai sai a dawo maka da biyun.

Idan x yana hagu yana dama

Babu abin da ya canza. A share kaso tukuna, sannan a tattara masu x a gefe ɗaya, lambobi zalla a ɗaya gefen.

2x/3 − 1 = x/2 + 1/6

A ninka kowane yanki da 6:

4x − 6 = 3x + 1

A cire 3x daga ɓangarorin biyu, a ƙara musu 6:

x = 7

Sau da yawa za ka ji an ce lamba ta "tsallaka" ta canza alama. Ba laifi a faɗi haka don saurin aiki, amma ka riƙe a ranka cewa babu abin da yake tsallakawa. Abu ɗaya ake ƙarawa ko a cire a farantan biyu.

Akwai kuma gajeriyar hanyar da ɗalibai suke so, wato ninkawa a gicciye. Idan aka ba ka

(x + 1)/3 = (x − 1)/2

sai ka ninka saman hagu da ƙasan dama, saman dama da ƙasan hagu: 2(x + 1) = 3(x − 1), wato 2x + 2 = 3x − 3, x = 5. Hanyar tana da kyau, kuma in ka duba ninkawa da 6 ce aka gajarta. Sai dai tana aiki ne kawai idan kaso ɗaya ne tak a hagu, ɗaya tak a dama. In akwai wani yanki a gefe, kamar x/3 + 1 = x/2, kada ka gicciya, koma wa babbar hanya.

Tuntuɓe na uku: x a ƙasa

Wani lokaci x yakan sauka ƙasan layi. Misali 12/x = 3/4. A ninka da 4x, a samu 48 = 3x, x = 16. Lafiya lau. Amma duba wannan:

x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3

A ninka kowane yanki da (x − 2):

x = 2 + 3(x − 2)
x = 3x − 4
x = 2

Kowane mataki ya bi ƙa'ida, amma mayar da 2 cikin tambayar ka gani: lambar ƙasa ta zama 2 − 2, wato sifili, kuma ba a raba abu da sifili. Ashe da muka ninka da (x − 2), da sifili muka ninka ba mu sani ba, kuma sifili yana daidaita kowane sikeli ko da a karkace yake. Amsar gaskiya ita ce wannan daidaito ba shi da mafita. Shi ya sa duk lokacin da ka ga x a ƙasa, tun kafin ka fara ka rubuta a gefe lambar da x ba zai iya zama ba.

Tsohon lissafi ne

Wannan ciwon kai ba a kanka aka fara ba. A gidan tarihi na Birtaniya da yake Landan akwai wata takarda ta tsohuwar Masar da ake kira takardar Rhind, da sunan mutumin Sikotilan da ya saye ta a Luksor a 1858. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Tambaya ta 24 a cikinta tana neman adadin da in aka haɗa shi da subu'insa, wato ɗaya bisa bakwai, zai ba da 19. Ahmes ba shi da x. Sai ya yi cankar da ya san ba daidai ba ce, ya ɗauki 7 domin subu'insa yana da sauƙi, ya samu 8, sannan ya gyara cankar gwargwadon yadda 8 ta gaza 19. Mu kuma a yau sai mu rubuta x + x/7 = 19, mu ninka da 7, mu samu 8x = 133, wato x = 16 da 5/8. Amsarsa ke nan shi ma. Ka lura dalilin da ya sa ya zaɓi 7 shi ne dalilin da ya sa muke ninkawa da 7: a kauce wa kaso.

Sunan fannin kansa, aljabra, daga littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin halifa al-Ma'amun. Kalmar al-jabr a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin na karaya, kuma ya yi amfani da ita ga matakin ƙara abu ɗaya a ɓangarorin biyu don cike abin da aka ɗebe. Babu alamomi a littafin, da kalmomi zalla ya yi bayani. Idan abin da ake nema ya zo a rabi ko sulusi, sai ya ce a cika shi ya zama guda, a kuma ninka sauran yankunan daidai da haka. An fassara littafin zuwa Latin a 1145. Ita kuwa alamar = da muke ta amfani da ita, sai a 1557 wani likita kuma masanin lissafi ɗan Birtaniya, Robert Recorde, ya fito da ita.

Kaso mai yawa na littafin al-Khwarizmi a kan gado da wasiyya yake, kuma a nan ne lissafin ya zo har ƙofar gidanmu. Rabon da aka ƙayyade wa magada guda shida ne: 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Malamin da ya karanta ilimin gado, kafin ya raba komai sai ya nemi abin da ake kira asalin mas'ala, kuma asalan da aka sani su ne 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Duba su da kyau: kowannensu lambar da lambobin ƙasa suke shiga ce ba saura. LCM ɗin da ake koyarwa a aji, shi malamin zaure yake nema da wani suna.

Mu gwada. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya, babu wani magaji. Matar tana da sumuni, mahaifiyar tana da sudusi, ɗan ya ɗauki saura. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, ɗan ya samu naira 1,700,000. Nawa aka raba?

x − x/8 − x/6 = 1,700,000

Asalin mas'alar 24 ne:

24x − 3x − 4x = 40,800,000
17x = 40,800,000
x = 2,400,000

Matar ta samu 300,000, mahaifiyar 400,000. Mun kawo wannan ne don lissafin. Tantance wanda ya gada da wanda aka katange aikin malamai ne da kotu, amma magajin da ya iya wannan ɗan lissafi zai iya bin rabon da idonsa ya gamsu, kuma zargi yakan ragu a inda kowa ya ga yadda lambobin suka fito.

A ɗakin gwaji da gefen gadon mara lafiya

Ƙa'idojin kimiyya cike suke da irin wannan daidaito. Ɗauki awon zafi. Wasu na'urorin auna zafin jiki suna nuna Farenhait, alhali mu mun fi sabawa da Salshiyos. Alaƙarsu ita ce F = 9C/5 + 32. A ce na'ura ta nuna 104 a jikin yaro:

104 = 9C/5 + 32
520 = 9C + 160
9C = 360
C = 40

Digiri 40 ke nan, alhali zafin jikin mai lafiya wajen 37 yake. Wannan zazzaɓi ne mai zafi da yake buƙatar a kai yaro asibiti ba tare da jinkiri ba. Ka ga a layi na biyu har 32 ɗin sai da aka ninka da 5. Wanda ya manta da ita zai samu wajen 54, lambar da ba ta da ma'ana a jikin ɗan Adam.

Matakan a jere

Na ɗaya, duba lambobin ƙasa duka, ka nemi mafi ƙanƙantar lambar da suke shiga. In x yana ƙasa, rubuta abin da ba zai zama ba.

Na biyu, sa kowace lambar sama mai yanki fiye da ɗaya cikin baka.

Na uku, ninka kowane yanki na hagu da dama, har da waɗanda ba su da kaso.

Na huɗu, buɗe baka kana kula da alamar ɗebewa.

Na biyar, tattara masu x gefe ɗaya, ka raba da lambar da take manne da x.

Na shida, mayar da amsarka cikin tambayar asali, ba cikin layin da ka riga ka sarrafa ba. Wannan matakin ba ya cin minti ɗaya, kuma shi kaɗai ya isa ya kama duka tuntuɓen uku da muka gani.

Kada kuma ka tsorata in amsa ta fito a kaso, kamar ta Ahmes. Ba dole ba ne x ya zama cikakkiyar lamba. Gwaji ne yake tabbatar da amsa, ba kyan ganinta ba.

Jinga

Lissafi ba ya zama a kai da karatu kawai, sai hannu ya yi. Ɗauki biro da takarda ka gwada waɗannan kafin ka leƙa amsa:

1. x/4 + x/5 = 18
2. (2x − 1)/3 − (x − 3)/4 = 5/2
3. Tankin ruwa yana da rubu'in cikinsa. Da aka zuba lita 150 sai ya kai biyu bisa uku. Lita nawa tankin yake ci?
4. A wane digiri ne Farenhait da Salshiyos suke nuna lamba ɗaya? Sa x a madadin F da C duka.

Amsoshin su ne 40, da 5, da lita 360, da −40. In ka samu wani abu daban a ta biyu, koma ka duba alamar da take gaban 3 bayan ka buɗe baka. In ta uku ce ta ƙi, tambayi kanka ko ka ninka 150 ɗin da 12.